Gidan Tarihi a Kan Gadon Fiɗa

Na san an saba a wannan mujalla tamu idan aka ce tarke ko sharhi, to waƙa ake nufi, ko ƙagaggen labari, ko kuwa wasan kwaikwayo. Ni kuwa yau gida sukutum zan ɗora a kan gado in feɗe, watau gidan ajiye kayan tarihi. Hujjata ita ce shi ma gidan tarihi magana yake yi. Wanda ya tsara shi ya zaɓi abin da zai sa a gaba, da abin da zai tura lungu, da abin da zai bari a waje ɗungum, kamar dai yadda mawaƙi ke zaɓen kalmominsa. Tun da haka ne kuwa, yana da jigo, yana da zubi da tsari, yana da salo, kuma ma'aunin nan da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya ba mu na feɗe waƙa zai iya hawa kansa. In na yi shisshigi, malamai su yi mini afuwa, su kuma gyara.

Ni mutumin Talata Mafara ne, dangin mahaifiyata kuma mutanen ƙasar Maradun ne. Na yi firamare na yi sakandare ban taɓa taka ƙofar gidan tarihi ba, sai da na shiga aji biyu a jami'a. A lokacin ne muka yi ziyarar ilimi zuwa wani gidan tarihi da ke wani babban birni na Arewa. Ba zan kama sunansa ba, domin abin da zan faɗa bai tsaya a kansa shi kaɗai ba, kuma ma'aikatansa sun karɓe mu hannu bibbiyu. Mun yi sa'a ziyarar ta faɗo cikin hutun 'yan makaranta, saboda haka muka tarar da abubuwa uku a rana ɗaya: nunin kayan tarihi, da lacca da aka shirya da hantsi, da kuma shirin hutu na yara. A kan waɗannan ukun zan yi magana, amma fa idona yana kan gida, watau Mafara da Bakura da Maradun.

Jigo

Da shigarmu ɗakin farko sai takubba da masu da garkuwa. Ɗaki na biyu sirdi da likkafa da lifidi da sulke. Na uku hotunan sarakuna a jere, kowanne da shekarun sarautarsa, daga nan sai hotunan Turawan mulki, sai na gwamnoni. Can kusa da ƙofar fita, inda ƙafa ta riga ta gaji, aka jingine garma da hauya da koma da masaƙa, ba tare da wani bayani ba face sunayensu. Idan ɗalibi ya tambaye ni jigon wannan "waƙa" a taƙaice, sai in ce masa: tarihi shi ne sarki da dokinsa da takobinsa, sauran jama'a kuwa 'yan amshi ne.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban raina waɗannan kaya ba, kuma wanda ya adana su ya yi aikin lada. Da ba don irin wannan himma ba da yanzu gara ta cinye, ko kuma dillalai sun kwashe sun kai Turai. Wanda ya je Gidan Makama a Kano, ginin da asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ya tsaya gaban ƙyauren tsofaffin ƙofofin birni, ya san akwai abin da littafi ba ya iya bayarwa. Haka nan Gidan Tarihin Kanta na Argungu, wanda aka gina a 1831 a matsayin fada, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958. Haka kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, mai riƙe da rubuce-rubucen Daular Usmaniyya da wasiƙunta. Duk waɗannan taskoki ne. Sai dai mai karatu ya lura, da yawa daga gidajen tarihinmu a fada aka haife su, ko a gidan mai mulki. Gidan Arewa na Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci kafa shi a 1970, gidan Sardauna ne. Gidan Ɗan Hausa na Kano gidan Bature ne. To ɗan da aka haifa a fada, in ya buɗe baki, da wa zai fara in ba da sarki ba?

Ko tarihin sarautar ma an goge masa kaifi. Ga misali daga garinmu. A farkon mulkin Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, wanda ya yi sarauta daga 1891 zuwa 1902, Mafara ta yi wa Sakkwato tawaye, aka kuwa murƙushe ta da ƙarfi. Wannan labari yana cikin littattafan tarihi. Amma jerin sunayen sarakuna da shekarunsu, irin wanda ake mannawa a bango, ba shi da wurin da zai sa irin wannan labari. Jeri ne sumul, wane ya gaji wane, kamar ba a taɓa saɓani ba. Yaron da ya karanta shi zai fita da tunanin cewa mutanen da ba su da gardama, ba su da ra'ayi, an dai yi ta mulkinsu har Allah ya kawo mu.

Abin da aka bari a waje

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne zuciyar maganata.

Idan aka tambayi duk wani dattijo a tsakanin Maradun da Mafara da Bakura, mene ne babban abin da ya auku a wannan yanki a cikin shekaru 50 da suka wuce kafin wannan fitina ta 'yan bindiga, amsa ɗaya zai bayar: Bakolori. A tsakiyar shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya aikin datse Gulbin Sakkwato, aka gama madatsar a 1978, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Manufar ita ce noman rani na zamani a dubban kadada, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. A takarda abu ne mai kyau. A ƙasa kuwa, tafkin ya haɗiye ƙauyuka da gonaki da maƙabartu a ƙasar Maradun, aka tashi dubban mutane aka kai su tudun da bai kai fadamarsu albarka ba. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin aikin, aka hana su shuka damina bayan damina ana baje ƙasa ana haƙa magudanai, aka sare itatuwansu masu amfani, maganar diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Su kuma na ƙasa da madatsar, daga wajejen Bakura zuwa gaba, ambaliyar shekara-shekara da ke jiƙa fadama ta ragu, noman shinkafa ya ja baya, kifi ya yi ƙaranci.

Daga ƙarshen 1979 manoma suka fara tare hanyoyin shiga wurin aikin, suna neman haƙƙinsu. Ranar 28 ga Afrilu, 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka musu da bindigogi. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Wasu masu bincike da 'yan adawa na lokacin suka ce sun kai 386. Har yau tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu tana nan a buɗe. Masana na waje irin su Björn Beckman da W. M. Adams sun yi rubutu a kan lamarin, Dakta Yusufu Bala Usman da abokan gwagwarmayarsa na Zariya ma ba su yi shiru ba. Watau ɗalibi a Suwidin ko Ingila yana iya zama a laburare ya karanta abin da ya faru a Birnin Tudu, amma ɗan Birnin Tudu da ke aji uku a sakandare ba shi da ɗakin da zai shiga a nuna masa, cikin harshensa.

Kakata ta wajen uwa tana cikin waɗanda aka tasa. Ba ta yi boko ba, amma in ta zauna da yamma takan share ƙasa da tafin hannu, ta ɗauki tsinke ta zana ƙauyensu: nan masallaci, nan rijiya, nan tsamiyar da ake cin kasuwa a ƙarƙashinta, nan gidan maƙera, nan mashigin da mata ke wanki. Takan faɗi sunan kowane gida da na mai shi. Duk wannan yana ƙarƙashin ruwa yanzu. Ranar da na tsaya a gaban akwatin gilashin nan mai ɗauke da likkafar wani basarake, zanen nan nata ne ya faɗo mini a rai. Likkafar ta samu gilashi da fitila da mai gadi. Taswirar ƙauye guda kuwa tana cikin kan tsohuwa ɗaya, iskar yamma tana share ta kullum.

Wani zai ce ai irin wannan ba ya nunuwa, tun da babu kaya. Akwai inda aka nuna. A birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu akwai wata unguwa da ake kira District Six. A 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ce unguwar ta farar fata ce kaɗai, aka tashi mutane sama da 60,000, aka rushe gidajensu. A 1994 aka buɗe gidan tarihin unguwar a cikin wata tsohuwar majami'a. Babban abin kallo a ciki shi ne taswirar unguwar da aka shimfiɗa a daɓen ɗakin, tsofaffin mazauna suna zuwa suna durƙusawa suna rubuta sunayensu a inda gidajensu suke a da. An kuma rataye allunan sunayen tituna da aka tsira da su daga rusau, kuma daga cikin masu zagayawa da baƙi akwai waɗanda aka tasa ɗin da kansu. Babu zinariya, babu takobi. Me zai hana a shimfiɗa taswirar ƙauyukan da Bakolori ta haɗiye a daɓen ɗaki guda a Maradun ko Mafara, a kira tsofaffi su nuna, jikoki su rubuta?

Na san abin da za a ce: tone-tone ne, a bar kaza cikin gashinta. Na yi wannan gardama da wani abokina a ɗakin kwana har dare ya raba. Shi a ganinsa yankin da ke fama da zubar jini yau ba ya bukatar a tuna masa da na jiya. Maganarsa tana da nauyi, ban kuwa raina ta ba. Amma ni abin da na gani shi ne, rashin faɗa bai sa an manta ba, sai dai ya sa kowa yana riƙe da nasa labarin a ɓoye, ba mai gyara wa wani. Sa'an nan nunin gaskiya ba zai tsaya a ranar harbi ba. Zai nuna shinkafar da ake nomawa da rani yanzu da bakunan da take ciyarwa, ya nuna na'urorin feshin ruwa da aka kashe wa kuɗi suka lalace, ya nuna gyaran magudanai da aka yi da rancen Bankin Duniya a shekarun baya-bayan nan. Mai kallo ya auna riba da hasara da kansa. Wani abin lura kuma, waɗannan garuruwa uku kowannensu ya fitar da gwamna tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Saboda haka ba za a ce yankin ba shi da manyan da in sun sa baki za a ji ba.

Salo

Mu koma gidan da muka ziyarta. Salon gidan tarihi shi ne harshen da yake magana da shi, da yadda yake sa kaya su yi magana. A nan ma akwai gyara. 'Yan takardun bayanin da ke jikin kayan duk da Turanci aka rubuta su. Inda aka sa Hausa, kalma ɗaya ce tak, ita ma ba ƙugiya, har na ga an rubuta sunan wani abu yadda in ka karanta shi da gaske wata ma'ana daban zai ba ka. Na ga wata mata da 'ya'yanta uku tana bin akwatunan da ido, ba ta tsaya ko'ina ba, domin babu abin da ya kira ta. Kayan kakanninta ne, amma an yi musu bayani don baƙo. Ajami kuwa, wanda dattawa da almajirai da yawa ke karantawa, ba a ko tuna da shi ba.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne kotso. Yana nan a cikin gilashi, fatarsa ta bushe, an rubuta a ƙasansa cewa ganga ce ta gargajiya. Shi ke nan. Jama'a, ɗan ƙasar Maradun ya ga kotso a kulle ya yi shiru? Da wannan kotso Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya yi wa sarakuna da Sardauna Ahmadu Bello waƙoƙin da har gobe ake sa su a rediyo. Da shi Sa'idu Faru, mutumin Faru ta ƙasar Maradun, ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙa tun yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, shekaru da yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Mu da muke nazarin waƙar baka mun san cewa a bakin waɗannan makaɗa akwai salsalar gidajen sarauta, da sunayen garuruwa da gulabe, da kalmomin Zamfarci da Sakkwatanci waɗanda ƙamus bai kama ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin da yawa daga cikinsu a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa. To kotso ba tare da sauti ba, ai gawa ce. Abin da ake bukata bai fi 'yar na'ura da lasifika ba, yaro ya danna ya ji yadda jagora ke ja 'yan amshi na karɓa, a gefe kuma a rubuta masa wane ne, ɗan ina ne, wa yake wa waƙa. Wayar da ke aljihun mai gadin ɗakin ma ta isa wannan aiki.

A kan wannan batu maƙwabtanmu sun riga mu. Gidan Tarihin Ƙasa na Yamai, wanda aka buɗe a 1959, yake kuma ɗauke da sunan Bubu Hama, an tsara shi ne da rumfunan masu sana'a a ciki: maƙeran farfaru da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban mai kallo, suna sayar da abin da suka yi. Akwai kuma gidan namun daji a harabar, abin da ke jawo yara da iyayensu. Mutum zai iya cewa ya yi kama da kasuwa. To, ai gara kasuwa da maƙabarta.

Lacca

Ba zan tsawaita a nan ba. Malamin da ya yi laccar masani ne, takardarsa kuma da ganinta an sha wahala a kanta. Amma an fara a makare da sa'a guda ana jiran babban baƙo, aka cinye rabin sa'a wajen gabatar da manyan baƙi, sa'an nan ya karanta takardar da Turanci kansa a sunkuye. Da aka zo tambayoyi aka ce lokaci ya ƙure, mutum biyu kawai. A bayan ɗakin akwai wani tsoho, ma'aikacin gidan ne mai shara da buɗe ƙofofi, wanda daga baya ya zagaya da mu, ya ba mu labarin kowane takobi da Hausa mai daɗi, da kirari da barkwanci, har muka manta da yunwa. Na ce a raina, yau an sa mai lacca a kujerar baya. Ba cewa nake a kori masana ba, mu ma nan gaba muna fatan zama su. Cewa nake a zaunar da masani da dattijo a tabarma ɗaya, wannan ya kawo abin da ke cikin takardun Kaduna da Landan, wancan ya kawo abin da ya gani da idonsa, su saɓa in za su saɓa, jama'a na ji. A kan Bakolori ma, waɗanda suke samari a 1980 yanzu sun ba 60 baya. Kowace shekara ana rage su.

Yara

Shirin yara shi ne abin da ya fi burge ni a ziyarar, kuma shi ne ya fi tayar mini da hankali. Yara wajen 40 ne, an raba su rukuni-rukuni. Wasu suna kwaɓa yumɓu suna gina 'yan tukwane, wasu suna koyon saƙar faifai, wasu suna zane. Na ga wata yarinya ta ɗaga 'yar tukunyarta a karkace tana nuna wa kowa, murna kamar ta samu sarauta. A nan ne kaɗai a duk gidan aka yarda hannu ya taɓa abu, kuma a nan ne kaɗai na ji dariya. Kuskuren da na gani biyu ne. Na ɗaya, daga takalmansu da jakunkunansu ka san 'ya'yan su wane ne. Kuɗin rajista ya tace sauran, almajiran da ke leƙe ta ƙofa kuwa aka kore su. Na biyu, abin da suke yi da hannu ba a haɗa shi da abin da ke cikin ɗakunan ba. An zagaya da su a layi, "kar ku taɓa, kar ku yi surutu", sa'an nan aka fito da su wasa. Ba wanda ya ce wa yarinyar nan ta je ta gwada tukunyarta da tsohuwar da ke cikin gilashi, ta faɗi bambancinsu.

A ƙasashen Turai da Amurka irin wannan shiri yakan zama sansani na kwanaki a lokacin hutu, wani lokaci har da kwana a gidan tarihin. Da na fara tunanin yadda za a yi irinsa a gida, sai kalmar kanta ta tsaya mini a wuya. A Zamfara ta yau in ka ce "sansani", ba wanda zai kawo wasan yara a ransa, sai 'yan gudun hijira ko mafakar 'yan bindiga a daji. Mai karatu ya tuna shekarar 2021. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai sama da 70 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Garuruwan nan uku, a shekara ɗaya. Wace uwa ce za ta ba da ɗanta a kai shi bakin madatsa ya kwana don a koya masa tarihi? Ni kaina ba zan ba da ƙanena ba.

Saboda haka duk wanda zai kwaikwayo wannan shiri ya kawo mana, to ya san inda zai sauke shi. Ba kwana, ba fita daji, ba tara yara ɗaruruwa wuri ɗaya. A cikin gari, da rana, rukuni ƙanana, a zauren da iyaye suka sani. Kuma a juya aikin: maimakon a kawo yara su kalli abin da manya suka tara, a tura su su tara. Kowane yaro a ba shi tambayoyi biyar ya kai wa kakarsa ko kakansa: ina aka haife ku, me ake nomawa a can, wace waƙa ake yi wajen daka ko gayya, me ya tashe ku, me kuka ɗauko? Ya dawo da amsa, da zane, da abu ɗaya in an ba shi aro, ko da tsohon ludayi ne. A ƙarshen mako a baje a ajin makaranta, a rubuta bayani da boko da ajami, a gayyaci unguwa. Yaran da aka raba da ƙauyukansu a wannan zamani, waɗanda ke cike a garuruwan nan, su ma a sa su, domin abin da ya sami kakata a shekarun 1970 shi ne yake samunsu da wata fuska, kuma su ma suna da taswira a ka. Ranar 18 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya. Ga rana nan a shirye ga mai son farawa. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara a Talata Mafara, ɗaki ɗaya daga cikinsu ya isa. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana da ƙwararrun da za su koya mana yadda ake rajistar kaya da adana su, in mun nema.

Na ce "mun" da gangan, domin wannan ƙungiya tamu ba ta fita daga zargi ba. Kowace shekara muna Makon Hausa, mu sa manyan riguna, mu yi kalankuwa, mu ci tuwo mu watse. Kundayen digirinmu na farko suna cike da hirarraki da tsofaffi waɗanda muka naɗa, muka ciri abin da zai ba mu maki, muka goge sauran don waya ta cika. Ni ma na yi haka a aikin aji na bara, ina kuwa jin kunyarsa.

A hutun da ya wuce na sayi babban kwali fari da alƙalamin zane na kai wa kakata. Da farko ta ƙi, ta ce ita hannunta bai san takarda ba. Sai muka yi dabara: ita tana zanawa a ƙasa da tsinkenta, ƙanena ɗan shekara 11 yana kwafewa a kwali, ni kuma ina naɗar muryarta. Mun kai gida na 23 sai ta tsaya, ta ce akwai wani gida tsakanin na maƙera da rijiya, ta ga fuskar matar gidan sarai amma sunan ya ɓace mata. Ta ce in bar wurin fili, akwai wata ƙawarta da aka aurar Bakura, in Allah ya sa hanya ta yi kyau in je in tambaye ta. Kwalin yana nan a naɗe a ɗakina, da filin a tsakiyarsa. Duk ɗan ƙungiyar da yake da dangi a wajejen nan, ko yake da tsohon hoto ko kaset, yana iya nemana ta hannun editan wannan mujalla.